Babi Na Shida: Kada Ka Aiko Da Ko Sisi

A ƙasan tallar, can a kusurwa, akwai wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba. An jera lambobi a cikinta, kowace lamba da gurbin da za a sa mata alama, a ƙasa kuma ga wurin rubuta suna da adireshi da gari. A samanta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada mai saye ya aiko da ko sisi. Abin da ake so da shi kawai ya zaɓi faya-fayan da ransa ke so, ya yanke takardar, ya sa a ambulan, ya manna kan sarki. Ranar da mai raba wasiƙu ya kawo ƙunshin, a nan bakin ƙofa za a ƙirga masa senti 75 a kan kowane faifai, da ɗan ladan da gidan waya ke karɓa. Wanda ya sayi biyu ko fiye, kamfani ya ɗauke masa kuɗin aikawa.

Haka tallar faya-fayan Paramount ta riƙa fitowa mako bayan mako a jaridar Chicago Defender cikin shekarun 1920. Wani baƙar fata mai suna Robert Abbott ne ya kafa jaridar a Shikago a 1905, amma akasarin masu karanta ta ba a Shikago suke ba. Da yawansu suna jihohin kudu na Amurka, ƙasar auduga, inda kakanninsu suka yi bauta. Ma'aikatan taragon kwana na kamfanin Pullman, waɗanda baƙaƙen fata ne, su ke ɗaukar damman jaridar idan jirgin ƙasa zai gangara kudu, su sauke a shagon aski ko a hannun wani amintacce a tasha. Kwafi ɗaya sai ya zaga gida-gida har ya yage. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A wasu garuruwan hukuma ta yi ƙoƙarin hana jaridar shiga, domin tana fallasa kisan gillar da ake yi wa baƙaƙe, tana kuma kiran mutane su tattara komatsansu su yi arewa.

Wanda bai san zaman kudu na wancan zamani ba zai ɗauki 'yar takardar nan dabarar kasuwa kurum. To a dubi manomin da ke zaune a gandun wani farar fata a Misisipi, yana noma auduga a raba amfani ƙarshen shekara. Garinsa da gishirinsa da takalminsa duk a kantin mai gandu yake ɗauka bashi, kuma littafin lissafin yana hannun mai gandun. In ya shiga gari, kantin na fararen fata ne. Zai tsaya sai an sallami duk wani fari da ke wurin, ko da a bayansa ya shigo. Za a kira shi yaro ko da furfura a kansa. Abin da mai kanti ya ga dama shi yake ajiyewa, shi kuma za a saya. Ambulan kuwa ba ta nuna fatar wanda ya aiko ta, kuma senti 75 ɗinsa daidai yake da na kowa. Shi ya sa baƙaƙen kudu suka rungumi kundin kayan Sears da na Montgomery Ward, inda ake odar komai ta gidan waya, daga garma har jita.

Hanyar ma ba ta daɗe da buɗewa ba. A 1896 gidan wayar Amurka ya fara kai wasiƙu har ƙauyuka ba tare da an biya wani ƙari ba. A watan Janairun 1913 ya fara ɗaukar ƙunshin kaya, a watan Yulin shekarar kuma ya yarda ma'aikacinsa ya karɓi kuɗin kayan a bakin ƙofa ya mayar wa mai sayarwa. Wannan na ƙarshen shi ne ya dace da talaka, mutumin da ba shi da asusu a banki kuma ba zai saki kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba. Ga shi garmaho ba ya bukatar lantarki, wanda a lokacin gona ɗaya cikin goma ce ke da shi a faɗin ƙasar. Murɗa hannunsa ake yi, a sa allura, a ɗora. Gida ɗaya ya mallaka, unguwa duka ta samu.

Adireshin da ke jikin takardar yana ɗauke da sunan New York Recording Laboratories, amma garin da aka rubuta a ƙarƙashinsa Port Washington ne, wani ƙaramin gari a bakin tafkin Michigan cikin jihar Wiskonsin, ƙasar sanyi da kiwon shanun madara, inda mafi yawan mutane jikokin Jamusawa ne da maƙwabtansu. Masu kamfanin kafintoci ne. Wisconsin Chair Company sunansu, kuma tun ƙarshen shekarun 1880 kujeru suke ƙerawa. A watan Disambar 1914 gobara ta cinye masana'antar Thomas Edison da ke New Jersey, aka ba su aikin ƙera akwatunan katako da ake sa garmahonsa a ciki. Da suka ga ribar da ke cikin abin, sai suka fara yin garmaho nasu. Garmaho kuma ba ya sayuwa sai da abin ɗorawa, don haka a 1917 suka buɗe reshen faya-fayai, suka kafa injinan bugawa a Grafton, wani ƙauye kusa da su a bakin kogin Milwaukee. Shekarun farko asara suka yi ta tafkawa. Waƙoƙin rawa da na soja suke fitarwa irin na kowa, kuma na Victor da Columbia sun fi nasu kyau nesa ba kusa ba.

A watan Agustan 1920 kamfanin OKeh ya ɗauki muryar wata baƙar fata, Mamie Smith, tana rera Crazy Blues. Faifan ya yi kasuwar da ta girgiza masu sana'ar, domin sai a lokacin suka farga cewa baƙaƙen fata za su cire kuɗi su sayi muryar ɗan'uwansu. Aka raɗa wa wannan kasuwa suna faya-fayan jinsi, kalmar da jaridar Defender kanta ke kiran mutanenta da ita cikin alfahari. A 1921 Harry Pace ya kafa Black Swan a Harlem, kamfani na baƙaƙe, kuma masana'antar Grafton na cikin masu buga masa faya-fayai. Ta nan kafintocin Wiskonsin suka ga yawan odar da idonsu. A 1922 suka buɗe nasu jerin, wanda lambobinsa suka fara daga 12000, da muryoyi irin ta Alberta Hunter. Da Black Swan ya durƙushe, su suka karɓi kayansa a 1924.

Sai dai ba su san waƙar ba, ba su san masu yin ta ba. Wanda ya toshe musu wannan gurbi shi ne J. Mayo Williams, baƙar fata da ya gama jami'ar Brown, ɗaya daga cikin baƙaƙen farko da suka buga ƙwallon Amurka a matsayin sana'a. Shi ya kai kansa Port Washington ya nemi aikin. Ba su yanka masa albashi ba. Sun ɗora shi a kan wani reshe mai riƙe haƙƙin mallakar waƙoƙi, ya riƙa cin rabonsa daga abin da waƙa ta kawo. Ya buɗe ofis a unguwar baƙaƙe ta kudancin Shikago, yana bin gidajen wasa da mashaya yana saurare. Laƙabinsa Ink, wato tawada, kuma ana cewa ya same shi ne saboda iya sa mawaƙi ya rattaba hannu.

Samun mawaƙa daban, kai faifai hannun mai saye daban. Manyan kamfanoni sun riga sun kama kantuna da dillalai a kowane birni. Paramount ya nemi nasa dillalan, ya kuma ɗauki wakilai masu yawo gida-gida a ba su la'ada, amma ƙauyen da ba kanti ba dillali sai gidan waya. Odar ta yi yawan da manajan cinikin kamfanin, Maurice Supper, ya bar kujerarsa ya koma tafiyar da wani gidan ciniki a nan Port Washington mai suna F. W. Boerner, wanda ba shi da wani aiki sai aika faya-fayan baƙaƙe ta gidan waya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan shi ne hanyar ba ta tsaya a kai kaya ba, tana kuma dawo da magana. Kowace ambulan da ta iso tana ɗauke da sunan gari da lambar faifai, kuma ko wanda bai san komai game da waƙa ba ya iya ƙirga ambulan. Kamfanin ya riƙa roƙon masu saye su rubuto abin da suke son ji, su ba da sunan gwanin garinsu. A 1924 aka fitar da wani faifan Ma Rainey ba tare da suna ba, aka ce jama'a su saurara su aiko da sunan da ya dace, wanda ya ci a ba shi kyauta, babbar kyautar kuwa garmaho ce. Ma Rainey ba baƙuwa ba ce ga mutanen kudu. Haifaffiyar Columbus ce ta jihar Jojiya, ta shafe kusan shekara 20 tana yawon wasa a cikin tanti daga gari zuwa gari kafin Williams ya kai ta gaban na'ura a watan Disambar 1923. Tana fitowa fage da sarƙar tsabar zinariya a wuya, wani lokacin daga cikin wani ƙaton akwati da aka yi shi siffar garmaho. Tsakanin 1923 da 1928 ta yi wa Paramount waƙoƙi wajen 100, a wasunsu Louis Armstrong ne ke busa mata ƙaho yana saurayi.

Har zuwa nan buluz, wato salon waƙar baƙaƙen kudu, wanda ke kan faifai galibi na mata ne masu fitowa fage da rakiyar makaɗa. A 1924 Papa Charlie Jackson ya nuna cewa namiji shi kaɗai da banjo ma yana iya yin kasuwa. Amma wanda ya sauya komai ta hanyar wasiƙa ya zo. Wani mai shagon faya-fayai a Dallas ta jihar Teksas, R. T. Ashford, ya sanar da kamfanin labarin wani makaho da ke waƙa a bakin titi a unguwar Deep Ellum, da jita a hannu da gwangwanin karɓar sadaka. Mu da muka tashi muna jin makafi na rera waƙa a bakin kasuwa mun san irin wannan murya, wadda dole ta ratsa hayaniyar mutane da ƙarar ababen hawa kafin kwabo ya faɗo. Blind Lemon Jefferson ke nan. Aka kawo shi Shikago wajen ƙarshen 1925. Da farko waƙoƙin coci ya yi, aka fitar da su da wani suna, Deacon L. J. Bates. A 1926 faifansa mai ɗauke da Got the Blues da Long Lonesome Blues ya fito, ya yi kasuwar da sai da aka sake kiransa ya maimaita waƙoƙin aka sake bugawa.

Muryarsa siririya ce mai tsayi, tana tashi sama kamar kiran wanda ke nesa, sannan ta gangaro a hankali. Jitar ba ta bin sa a baya, amsa masa take yi: ya ja baiti, ya yi shiru, yatsunsa su ƙarasa zancen. Ba ya tsare ƙa'idar awo irin ta makaɗan birni, inda numfashinsa ya kai nan baitin ke tsayawa. Babu wani manaja a New York da zai ji wannan ya ce a zuba kuɗi. Masu noman auduga da masu saran katako da masu wanki ne suka ce a zuba, da senti 75 ɗinsu, a kanti da kuma ta bakin mai raba wasiƙu. Daga nan sauran kamfanoni suka bazama kudu da na'urorinsu suna neman maza masu jita. Jefferson ya yi waƙoƙi kusan 100 cikin shekara huɗu, har kamfanin ya buga masa faifai na musamman mai tambari ruwan lemo da hotonsa a jiki.

Nan kuma dole a faɗi abin da ba shi da daɗi. Arha ba ta ado, kuma Paramount ya bi arha a kowane mataki. Yadda ake yin faifai a lokacin shi ne mawaƙi ya tsaya gaban na'ura, wata allura ta riƙa sassaƙa sautin a jikin wani faranti na kaki. A ɗauki kakin a zuba masa ƙarfe ta hanyar lantarki har a sami uwar faifai, daga ita a fitar da tambarin da zai danne curin shalak mai zafi. Shalak wani irin ƙaro ne da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya, yana da tsada, don haka kowane kamfani yana gauraya shi da garin dutse da yumɓu da zaren auduga da baƙin toka. Na Grafton haɗinsa ya fi na kowa rauni. Faifai yana sabo fil yana ƙara kamar ana suya. A 1925 Victor da Columbia suka karɓi sabuwar na'urar ɗaukar sauti ta Western Electric, shi kuwa Paramount ya ci gaba da lallaɓawa da masu rahusa. Sannan ga allurar ƙarfe da kan garmaho mai nauyi, ga talaka da ba ya sauya allura bayan kowane ɗori kamar yadda aka ce a yi. Faifan da aka fi so shi ya fi saurin mutuwa.

Mai son ya ji girman asarar yana da hanya. A watan Maris na 1927 Jefferson ya zame ya je Atlanta ya yi wa OKeh waƙa, aka fitar da faifai ɗaya tak, mai ɗauke da Matchbox Blues, kafin Paramount ya tsaya a kan haƙƙinsa. Na saurari wannan waƙa a ɗaukar OKeh, na kuma saurari wadda ya maimaita wa Paramount bayan 'yan makonni. A ta farko kana jin yatsa na taɓa tsirkiya, kana jin inda ya ja numfashi, kamar yana zaune a kan tabarmar da kake. A ta biyu mutumin dai shi ne, gwanintar tana nan, amma sai ka ce daga bayan katanga yake waƙar ana ruwan sama a kan kwano. Duk sauran abin da ya bari a duniya ta bayan wannan katanga muke jin sa, kuma abin yana yi mini ciwo.

Batun biya ma haka yake. Akasarin mawaƙan kuɗi ake ba su a dunƙule a kan kowace waƙa, su sa hannu, haƙƙin mallaka ya koma reshen kamfanin. Faifai ya sayu dubu ko dubu ɗari, nasu ya ƙare tun ranar ɗauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Williams ma, da yake ɗan'uwansu ne, daga wannan tsari yake ci, kuma bai ɓoye hakan ba da ya tsufa. Ya bar kamfanin wajen 1927, sakatariyarsa Aletha Dickerson ta ci gaba da riƙe ofishin Shikago.

Bayan tafiyarsa kamfanin ya ƙara dogara da masu shaguna na kudu. Babbansu H. C. Speir ne, wani farar fata mai shagon kayan kiɗa a titin Farish, unguwar baƙaƙe ta birnin Jackson a Misisipi. Yana da kunne, kuma yana shiga mota ya bi gandaye yana tambaya. Shi ya gano Charley Patton, wanda ya tashi a gandun Dockery, ya tura shi arewa. Ranar 14 ga Yunin 1929 Patton ya zauna a ɗakin ɗaukar sauti na Gennett a Richmond ta jihar Indiyana ya yi waƙa 14 a wuni ɗaya. Muryarsa kaushi gare ta kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, yana dukan jikin jitar kamar ganga, yana waƙar doki da ƙwaron auduga da ɗan sanda da ambaliyar kogin Misisipi ta 1927 da ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. A kansa ma an sake yin dabarar gasa: aka fitar da faifansa ɗaya da sunan wani gwani mai rufe fuska, aka ce wanda ya canki ko wane ne ya rubuto a ba shi faifai kyauta.

A ƙarshen 1929 kamfanin ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti nasa a Grafton, kusa da masana'anta. A 1930 Patton ya tafi can cikin mota da Son House da Willie Brown da wata mai kiɗan piyano, Louise Johnson. Son House ya tashi da dala 40, kuɗin da ya daɗe yana tunawa. Geeshie Wiley da Elvie Thomas ma sun zo sun bar waƙa shida. A farkon 1931 Skip James ya iso daga Bentonia, da siririyar murya mai sa tsigar jiki tashi, aka fitar masa da waƙa 18.

Bahaushen da ya saurari waɗannan mutane zai iya jin wani abu da ya saba da shi, ko da bai fahimci kalma ɗaya ba: yadda murya ke lanƙwasa gaɓa ɗaya ta ja ta, yadda tsirkiya ke kwaikwayon maƙogwaro. Masana sun lura da haka. Paul Oliver na Ingila ya rubuta a 1970 cewa buluz ya fi kama da kiɗan tsirkiya na ƙasashen savana na Afirka ta Yamma fiye da gangunan bakin teku, Gerhard Kubik na Ostiriya kuma, a littafinsa na 1999, ya jera waƙar wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru kusa da ta wani mawaƙin Misisipi. A Amurka aka haifi buluz, cikin wahalar Amurka, amma kunnenmu ba baƙo ba ne a wurinsa.

Ɗakin Grafton ya buɗe ne daidai lokacin da kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, a watan Oktoban 1929. A watan Disamba Jefferson ya rasu a Shikago cikin hunturu, aka mai da gawarsa Wortham ta Teksas. Sai auduga ta faɗi. Laba ɗaya da ake saye kusan senti 17 a 1929 ta dawo ƙasa da senti 6 a 1931. Ma'ana, faifan da manomi ke saye da kuɗin laba huɗu da 'yan kai yanzu sai ya ba da laba 13, alhali yara ba su ci ba. Faya-fayan da aka sayar a Amurka duka sun haura miliyan 100 a 1927, a 1932 kuwa miliyan 6 ne kacal. Ambulan ta daina zuwa Port Washington. Waƙoƙin Son House da na Skip James, waɗanda a yau ake ƙirgawa cikin mafi daraja da aka taɓa ɗauka a ƙasar, kaɗan aka buga, kaɗan aka saya. A tsakiyar 1932 aka yi ɗauka ta ƙarshe a Grafton, kamfanin ya koma kan kujerunsa har zuwa 1954.

Iyayen faya-fayan, waɗanda da suna nan da an sake buga komai tas, sun yi shekaru jibge a masana'antar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka sayar da mafi yawansu a matsayin tsohon ƙarfe aka narkar. Mutanen Grafton suna ba da labarin cewa ma'aikatan da aka sallama sun riƙa wurga faya-fayai cikin kogi don haushi. A 2006 wani shirin talabijin ya sa masu nutso suka lalube ƙasan kogin, ba su fito da komai ba. A ƙarshen shekarun 1940 wani mai tara faya-fayai na Shikago, John Steiner, ya sayi sunan kamfanin da ɗan abin da ya rage, a 1970 kuma George Buck ya saya daga hannunsa. Amma sautin kansa ba ya cikin abin da aka sayar musu. Yana warwatse a gidajen da aka kai shi.

Can aka je aka nemo shi. A farkon shekarun 1960 wani saurayi ɗan Misisipi, Gayle Dean Wardlow, yana aikin feshin maganin ƙwari, ya riƙa amfani da lokacin hutunsa yana ƙwanƙwasa ƙofofi a unguwannin baƙaƙe yana tambaya ko akwai tsofaffin faya-fayan garmaho. Ya gane cewa gidan da ya ga tukwanen furanni a baranda, galibi wata dattijuwa ce a ciki da ta daɗe ba ta tashi ba, kuma irin waɗannan mata su ne masu ajiya. Daga ƙarƙashin gado, daga cikin akwatin garmahon da ya daina aiki, suke fito da su, wasu sun tsage, wasu allura ta cinye su har sun yi fari. Waɗanda suka saya suna 'yan mata su ne suka adana suna tsofaffi. Da irin waɗannan kwafi aka sake buga waƙoƙin, samari fararen fata suka ji suka tashi neman masu su. A 1964 aka sami Skip James kwance a asibiti a Tunica, aka sami Son House a Rochester ta jihar New York ya daɗe da ajiye jita. Dukansu biyu sun hau fage a bikin waƙa na Newport na shekarar, fiye da shekara 30 bayan ɗaukarsu a Grafton.

A 2013 da 2014 kamfanonin Third Man da Revenant suka tattara waƙoƙi 1,600 na Paramount a manyan akwatuna biyu, na farkon na katakon oak, irin wanda kafintocin Port Washington za su gane. Kusan kowace waƙa a ciki daga kwafin wani mai saye aka kwaso ta, da ƙarar allurar gidansu a jiki. A 2013 ɗin ne aka sayi faifai ɗaya na Tommy Johnson, na senti 75, a kan dala 37,100.

Neman bai ƙare ba. Faifan Son House guda da aka fitar da rai da shi ya ɓullo a 2005, shekara 75 bayan ɗaukarsa, aka ji waƙoƙi biyu da ba wanda ke raye ya san sautinsu. Willie Brown, abokin tafiyarsa zuwa Grafton, faifai uku kamfanin ya fitar masa, ɗaya kawai aka samu. Masu nema sun san lambar na ƙarshen, 13099, sun san sunan waƙoƙin da ke kowace fuska, kuma har yanzu suna bin gwanjon kayan mamata da tsofaffin rumbuna a kudu suna ɗaga faya-fayai ɗaya bayan ɗaya suna duba tambari.